Maganin rage kitsen jini ba ya kare kowane irin shanyewar ɓarin jiki

Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda likita ya ɗora a kan maganin rage kitsen jini, irin su atorvastatin ko simvastatin, ya tsira daga shanyewar ɓarin jiki. Abin bai kai haka ba.

Shanyewar iri biyu ce. Akwai wadda jijiyar jini ke toshewa a ƙwaƙwalwa, ita ce ta fi yawa, akwai kuma wadda jijiyar ke fashewa. Maganin yana aiki ne a hanta, ya rage kitsen da ke daskarewa a bangon jijiya, don haka ƙarfinsa yana wajen hana toshewa. A wani bincike mai suna SPARCL da aka fitar a 2006, an riƙa ba waɗanda suka taɓa kamuwa atorvastatin miligiram 80 kullum, sai sake kamuwa ya ragu da kashi 16 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai fashewar jijiya ta ɗan ƙaru a cikinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini, babban mai kayar da mutanenmu. Maganin kitse ba ya maye gurbin nasa, dole a ci gaba da awo da shan magani.

Wasu maganin kitsen yana sa musu ciwon tsoka a cinya ko kafaɗa, wasu suga ya ɗan hau. In fitsari ya koma kalar shayi, a garzaya asibiti. Mai juna biyu ta sanar da likita. Kuma kada a daina sha don gwaji ya yi kyau, kitsen yakan dawo cikin makonni kaɗan.