Honorabul, sauko ka riƙe alli

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, na je gaida yayata a Mabera. Na same ta a tsakar gida gaban murhu tana suyar awarar sayarwa, hayaƙi ya sa idanunta sun kaɗa sun yi ja. Ɗanta kuwa yana zaure bisa kujerar roba, shadda ta sha bugu, hula ta zauna daram, yana ta latsa waya. Yaron nan ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa. Kwanakin baya wani ɗan siyasa ya sa sunansa cikin jerin mataimaka na musamman, irin waɗanda ba ofis ba tebur, sai dai a ji alat ƙarshen wata. Tafiya ta watse, alat ya ɗauke. Wani bawan Allah mai makarantar kuɗi a unguwar ya ga zaman ya yi yawa, ya aiko a ce masa ya zo ya koya wa 'yan aji huɗu da biyar lissafi.

Na ce, "To ɗana, yaushe za ka fara?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Haba Kawu, ni da anka sani Honorabul, in koma riƙon alli? Mi mutane za su ce?"

Na dube shi, na dubi uwarsa da ke juya awara cikin mai, na rasa ta cewa. Har na hau kabu-kabu na dawo gida maganar na ci mini rai, shi ya sa na ce bari in amayar da ita a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne. Kun cika gari. Daga Gawon Nama zuwa Runjin Sambo, kowace majalisa akwai Honorabul ɗinta, wanda bai taɓa cin zaɓen ko da shugaban aji ba, amma ya fi ƙarfin duk wani aikin da za a yi gumi.

Ku zo in tambaye ku, samari: a cikinku wa ya kai Shehu Shagari?

Na san kun san sunan, kuna wucewa ta gaban kwalejin ilimi da aka sa wa sunansa. Abin da kuka riƙe shi ne ya yi shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Amma akwai wani yanki na rayuwarsa da ba a cika ba ku labari ba, kuma shi ne ya shafe ku. Malamin makaranta ne tun asali, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. A 1954 aka zaɓe shi majalisar wakilai ta tarayya, a 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan ya shiga sahun ministoci. Ya riƙe harkokin cikin gida, ya riƙe ayyuka. Minista a Ikko a wancan zamani, lokacin da 'yan boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato. Wannan shi ne Honorabul na gaskiya, ba na Facebook ba.

Sai ga 15 ga Janairun 1966. Aka kashe Sardauna, aka kashe Tafawa Ɓalewa, gwamnati ta rushe a dare ɗaya. Mutumin da jiya ake buɗe wa ƙofar mota ya wayi gari ba ofis, ba direban gwamnati, iyayen gidansa na siyasa suna kabari. Me ya yi? Ya tattaro ya dawo gida. Ya koma gonarsa. Ya yi aiki da En'e ta Sakkwato. Ya zama sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, aikin bin jama'a ana tara taro da sisi don a gina wa 'ya'yan talakawa makarantu. Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, mai hedikwata a nan Sakkwato, ya karɓi kujerar kwamishina a ƙarƙashin Gwamna Usman Faruk. Ku lura da kyau: ministan tarayya ne ya sauko ya zama kwamishinan jiha, yana amsa umarnin gwamnan da ya girme wa. Ba a ji ya zauna a zaure yana cewa mi mutane za su ce ba.

To kai da aka taɓa liƙa sunanka a lamba ta ɗari da wani abu cikin takardar da ko mai sa hannun bai karanta ba, kai ne alli zai zubar wa daraja?

Girman kai rawanin tsiya, Hausawa ba su yi ƙarya ba. Kuma naku girman kan ma na aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kunyar taku ta juye. Kana jin kunyar a gan ka gaban allo, amma ba ka jin kunyar tsayuwa ƙofar gidan ɗan siyasa tun hantsi har magariba, rana na dukanka, maigadi na daka maka tsawa, kana jiran a fito a miƙo maka abin da bai kai kuɗin man babur ba. Kana jin kunyar tuƙa agwagwa da buje, wato Keke Napep, ba ka jin kunyar karɓar kuɗin data daga cinikin awarar tsohuwarka. Kana jin kunyar zama shagon babanka a Tsohuwar Kasuwa, ba ka jin kunyar tura wa mutane saƙon "a taimaka, yau ba a ɗora tukunya ba" da tsakar dare. Wace irin kunya ce wannan, mai gudun halal ta rungumi maula?

Kuma don Allah, tunda maganar data ta shigo, a rage zagin manya a intanet. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar ya zauna ya zazzage wa sa'an kakansa ashar saboda an tura masa na kati. Gobe iyayen gidan su shirya, su ci abinci a faranti ɗaya, kai kuma an bar ka da gaba da alhaki. Wannan magana ce ta wata rana.

Mu koma kan Turaki. Saukowar nan da ya yi ba ta rage shi da komai ba. A 1970, bayan yaƙin basasa, Gowon ya kira shi ya ba shi aikin raya tattalin arziki da sake gina ƙasa, a 1971 ya gaji Awolowo a ma'aikatar kuɗi. Ranar 1 ga Oktoban 1979 aka rantsar da shi shugaban ƙasa. Kada wani ya ce ina nufin duk wanda ya riƙe alli zai shiga fadar gwamnati. A'a. Mulki na Allah ne, kuma shi kansa sojoji sun tuntsurar da shi a ranar ƙarshe ta 1983, ya sha tsarewa, ya sake dawowa gida ya zauna cikin mutanensa har Allah ya karɓi abinsa a Disambar 2018, aka kai shi garin Shagari aka rufe. Kana iya sukar mulkinsa, masu suka suna nan da hujjojinsu. Amma sau biyu duniya ta yi masa rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya, kuma duka biyun bai tsaya yana lallashin tsohuwar kujera ba.

In kun ce wannan tsohon zance ne, to ga na zamaninku. Mukhtar Shagari ya yi shekaru yana ministan albarkatun ruwa a gwamnatin Obasanjo. A 2007 ya dawo siyasar jiha, kuma duk wanda ya yi wayo lokacin ya san gwamna ya fito nema, amma lissafin jam'iyya ya juya, ya zama mataimakin Aliyu Magatakarda Wamakko. Shekara takwas ya yi a kujerar na biyu, har 2015. Ba kamfe nake wa kowa ba, ban da katin kowace jam'iyya, kuma na san siyasa da nata ciniki. Misali kawai nake ba ku: mutum ya zauna majalisar zartarwa ta ƙasa, ya dawo ana kiransa mataimaki, sama ba ta faɗo ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ku kuwa ko sunkuyawa ku ɗauki abin da ya faɗi daga aljihunku kuna ganin zubar da aji ne.

Na san abin da za ku ce. Albashin makarantar kuɗi ba ya kai mutum ko'ina, gaskiya ne. Ƙasa ta yi zafi, aiki sai mai uwa a gindin murhu, wannan ma gaskiya ne, ni ma a kasuwar nan nake awo. Amma da babu gara ba daɗi. Kuma da yaron nan ya ce mini kuɗin ne suka yi kaɗan, da na zauna mun yi lissafi, wataƙila ma in ba shi gaskiya. Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi mi mutane za su ce. Su wane ne mutanen? 'Yan majalisar da in ka tashi su bi ka da gulma? Wanne daga cikinsu ya taɓa auno wa uwarka tiyar gero?

Mu dai da muka taso, in aka ce wane malamin makaranta ne, har dattawa gyara zama suke yi in ya doso. Keke gare shi, riga biyu ko uku, amma shi ke karanta wa unguwa wasiƙa, shi ake nema in za a yi shawara. Mutum kan dawo daga ofis ya tuɓe ya ɗauki kalme ya nufi fadama, ba wanda ya ga abin magana. Garin da Shehu da Bello da Nana Asma'u suka kafa da karantarwa, yau a cikinsa ne ɗan Musulmi ke ganin koyarwa faɗuwa ce. Laifin ma ba naku ba ne ku kaɗai. Mu iyaye mu muka fara tambayar mai neman aure wace mota yake hawa kafin mu tambayi sana'arsa. Mu muka koya wa maroƙa kiran duk mai farar shadda Honorabul. Sai dai Allah ya gyara, kowa kuma ya yi wa kansa faɗa.

Shekaranjiya na haɗu da mai makarantar a masallaci, na fara ba shi haƙuri, na ce ya ƙara wa yaron kwana biyu ko zan shawo kansa. Ya yi murmushi ya ce ai an wuce wurin, wata yarinya mai takardar NCE ta karɓi ajin tun Litinin, daga Arkilla take zuwa kullum. Da na biyo ta ƙofar gidan yayata, kujerar robar na nan a zaure, mai ita na kai, an dai canza hula.