Wa ya je ya duba su?

Na ga bidiyon da kuke ta turo mini. Wai waɗanda ba su dawo sujada ba tun bayan Korona ƙaiƙayi ne, Allah ne ya sheƙe su. Madalla, Baba Fasto, sannu da ƙoƙari. Jama'a kuma har da tafi da Amin.

Tambayata ɗaya ce: wa ya je ya duba su?

A ƙarshen Maris 2020, da Buhari ya rufe Legas, Ogun da Abuja, El-Rufai ya kulle Kaduna, me ya fara shigowa wayoyinmu? Lambar asusun banki. Ba a gama tsara yadda za a yi sujada a gida ba, an riga an gama tsara yadda za a tura zakka da baiko. Gwauruwar da ke suyar ƙosai a bakin titi, wadda in ba ta fita ba yaranta ba sa ci, ita ma saƙon ya same ta. Saƙo ya san lambarta, ƙafar dattijon ikilisiya ba ta san ƙofarta ba.

Manyan fastoci kuwa suna can suna nasu. Chris Oyakhilome ya ɗora cutar a kan fasahar sadarwa ta 5G, har hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai a Birtaniya ta ci tasharsa tarar fam 125,000 a 2021. Oyedepo yana faɗan an buɗe kasuwa an bar coci a rufe. Kowa maganar ƙofar majami'a yake. To, mutanen da ke bayan ƙofofin gidajensu fa? Kun tuna Oktoban 2020, ranar da jama'a suka hau rufin rumbun abincin tallafin Korona a Bukuru, kusa da Jos? Cikin masu gudu da buhu a ka, kuna tsammani babu 'yan mawaƙa da 'yan zumuntar mata? Wa ya tambaye su me suka ci a watannin nan?

Na san za ku cika mini ƙasan rubutu da "ai fasto ma yana da iyali", "kada ka taɓa shafaffe". Ku ajiye. Na san fastocin ƙauye da suka yi watanni ba albashi, suka raba ɗan hatsinsu da membobi, da matan zumunta da suka tara mudu-mudu. Ba da su nake ba, su ma sun sani.

Wallahi abin yana mini ciwo, don ba haka muka gada ba. Da annoba ta faɗa wa birnin Kartaj a Arewacin Afirka wajen shekara ta 250, Bishop Sifiriyan ya tara masu bi ya ce su yi jinyar kowa, har da masu tsananta musu. Asibitin Vom da na kutare a Garkida ba da ihun kan bagadi aka gina su ba. Makiyayin da Yesu ya ba mu labari barin tasa'in da tara ya yi, ya bi guda ɗaya. Bai tsaya ya kira ta ƙaiƙayi ba. Cikin waɗanda ba su dawo ba, wasu sun binne iyayensu ba ko gaisuwa. Wasu kunyar bashin alkawarin gini ce ta hana su dawowa. A je a tambaye su mana!

Af, ina bokitan wanke hannun da aka jera a ƙofar kowane coci? Kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya a 2021, kuma duk damina tana dawowa. Namu bokitin na gan shi a bayan ofis, ana jiƙa tsumman goge mota a ciki. Sakatare, a dawo da shi don Allah, sabulun ni zan saya.