Wayar da ba ta kai falwaya ba

Kun san dai a layinmu duk wanda Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ta rikice masa shagona yake nufa. To ranar Asabar ɗan Yaya, wannan na poli, ya zo da aikin makaranta: falwaya biyu, tsakaninsu mita 100, ana son tsawon wayar da ta ɗan saki ciki a tsakani. Malaminsu ya ba su hanya, a ninka 100 da sinh na 1. Na karɓi takarda, na ce ya zauna ya ga aiki.

Ni dai SIN na sani tun sakandare. Da na ga H a ƙarshe sai na ɗauka hannun yaron ne ya zame, don rubutunsa kamar kaza ta yi tonon shara. Na buga =100*SIN(1), na danna, 84.15 ta fito. Har na juya masa allon.

Ya yi shiru, sannan a hankali ya ce, "Kawu, falwayoyin fa nisansu mita 100 ne."

Na ce na sani.

"To wayar 84 ce."

Da mu biyu ne da abin ya wuce. Amma mutumin nan mai gyaran wuta yana zaune a benci yana cajin waya, kyauta kamar kullum. Ya ɗago kai ya ce, "Injiniya, wayar roba ce za a ja ta?" Ya kwashe da dariya har yana dukan cinya, ya leƙa waje ya kira mai shayi ya maimaita masa. Mai shayi bai gane komai ba, shi ma ya yi dariya. Wannan fa mutumin da ya gyara mini fanka ta koma juyawa baya, wanda har yau kuɗin fotokofin takardun filinsa suna wuyansa tun kafin azumi. Shi ne yau yake auna mini waya.

Yaron ya ce H ɗin da gaske take, wani lissafi ne daban: akwai wata lamba da ake kira e (kusan 2.718), a ɗaga ta zuwa lambar da aka bayar, a cire e da aka ɗaga zuwa kishiyar lambar, a raba biyu. Na ce ai na sani, gwada shi nake. Don in nuna ban faɗi ƙasa ba, na ƙara da cewa dole a fara mayar da 1 ɗin zuwa digiri, wato 57.3. Na buga =100*SINH(57.3). Allo ya nuna 3.8E+26, wato 38 da sifili 25 a bayanta. Wayar ta wuce rana, ta bar ta a baya.

Mai gyaran wuta ya tashi tsaye ya leƙo. "Yanzu kuma ta yi yawa ko? A rage mana ragowar mu ja wa unguwa."

Yaron ya miƙo hannu ta gefena, da ladabinsa wallahi, ya goge 57.3 ya sa 1. Sai ga 117.52. Ashe SINH ba ruwanta da digiri, lamba kawai take ci. Ya kwafe, ya ce "Na gode Kawu," kamar ni na yi.

Jiya Yaya ta kira tana tambaya wai wace waya ce na saya ba ta isa ba. Shi kuwa wancan ya dawo caji da safe, na ce masa soket ya lalace. Ya ce zai gyara.