Mai rigar aro, ina gajiya?

Ni dai ban kama suna ba. Amma akwai wani bawan Allah a majalisarmu ta nan Jidda da tun daren 31 ga Mayu 2025 ya koma shan shayi a gida, wai aiki ya yi masa yawa saboda shigowar alhazai. Allah ya ƙara buɗi, ya shehi.

Mutumin nan kowa ya san farar rigar Real Madrid yake sakawa tun yana yaro. Da Arsenal ta yi waje da ƙungiyarsa da ci 5 da 1 jimilla a gasar Zakarun Turai, sai ya rasa wurin fakewa. Ana haka Inter ta fitar da ƙungiyarmu Barcelona a San Siro, Acerbi mai shekara 37 ya farke a ƙurarren lokaci, Frattesi ya ƙarasa. Washegari sai ga mutuminmu da riga mai ratsin shuɗi da baƙi, ko takardar kuɗin ba a cire ba, yana ba mu lacca kan katangar Italiya. Wai yaran Paris, wato PSG, ko inuwar raga ba za su gani ba a wasan ƙarshe, tunda Mbappé ya bar su.

To, an buga a Munich. Minti na 12 Hakimi ya zura, ya ɗaga hannu yana ba tsohuwar ƙungiyarsa haƙuri, ladabin da wani ya kasa koya. Minti na 20 Doué, yaro ɗan shekara 19, ya ƙara. Bayan hutu ya sake, Kvaratskhelia ya ɗora, Mayulu da ya shigo canji ya rufe. Biyar da nema. Tun da aka fara gasar nan ba a taɓa yi wa wata ƙungiya irin wannan tazara a wasan ƙarshe ba. Shekara da shekaru yana yi mana gori da 4 da nema da Milan ta yi mana a 1994, yau ga shi ya sayo wanda ya fi shi da riyal ɗinsa. Zanen aro dama ba ya rufe katara.

Yanzu kuma ta waya yake aiko da hujja. Wai hankalin Inzaghi kocin Inter yana Riyad, shi ya sa kwanaki kaɗan bayan wasan ya sa hannu a Al-Hilal. To shi Inzaghin ne aka ce ya tsare Doué? Wai sun gaji da tseren da Napoli ta kwashe kofin Serie A da tazarar maki ɗaya. Wai alƙalin wasa. Haba malam, ƙwallo biyar wane alƙali za a ɗora wa? Luis Enrique kocin PSG ya matse su tun daga bakin ragarsu, Dembélé ya hana gola sakat, ko fasin uku a jere sai da addu'a.

Na san zai ce ku ina kuke a ranar. Muna gida, gaskiya ne, amma shida muka zuba wa katangar tasa a wasa biyu kafin mu tafi.

Abin da ya fi ba ni tausayi, biyar ta saba da shi. A watan Janairun shekarar, nan filin Jauhara, da tikitinsa da tutarsa ya je ya ga Barcelona ta yi wa masu fararen kaya 5 da 2. Duk rigar da ya saka sai ta biyo shi. Jiya na ji ana cewa an gan shi a kasuwar Balad yana taya rigar Ittihad. 'Yan Ittihad, ku yi wa Allah ku saye ta kafin ya dawo da kuɗi.