Don me kullum tsintaccen jarumi sai ya zama ɗan attajiri?

A makon jiya na saurari ƙarshen wani dogon labari da ake karantawa a YouTube, irin waɗanda ake fara sayar da shafukansu a zaurukan WhatsApp kafin a mayar da su sauti. Ƙanwata ce ta kunna shi a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ni kuma ina alwala a gefe. Jarumin labarin yaro ne da aka tsinta cikin kwali a bakin masallaci, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, ya sha gori da wulaƙanci tun daga makarantar allo har zuwa gidan da ya je neman aure. A babi na ƙarshe sai wata ungozoma ta tara mutane tana kan gadon mutuwa, ta tona cewa kishiya ce ta biya ta ta sace jaririn. Aka duba tawadar Allah da ke bayan kunnensa, aka yi gwajin jini, sai ga shi ɗan wani hamshaƙin attajiri ne. Ƙanwata ta ajiye faranti ta ce, "Yaya, ai dama na san ba ɗan talaka ba ne, kai ma ka ji irin halinsa." Wannan magana tata ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan sharhi.

Duk mai bin littattafan da ake sakewa a intanet da fina-finai masu dogon zango ya san wannan salo ya zama ruwan dare. Idan ba jaririn kwali ba ne, to saurayi ne da ya yi haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Abuja, makiyaya suka tsince shi suka yi jinyarsa a ruga, ya farka bai san ko sunansa ba. Idan ba shi ba, yarinya ce 'yar aiki da ake azabtarwa a gidan da daga baya za a gano na mahaifinta ne. Kayan aikin ba sa canzawa: laya ko zobe da aka rataya wa jariri a wuya, tabo a kafaɗa, tsohuwa mai riƙe da sirri wadda ba za ta buɗe baki ba sai numfashinta ya kusa ƙarewa. Ƙarshen ma ba ya canzawa, domin ban taɓa cin karo da guda ɗaya ba da aka buɗe asalin jarumi aka tarar ubansa ɗan dako ne a kasuwar Dawanau, kuma labarin ya ci gaba da girmama shi.

Jarumin da ba a san baya gare shi ba hanya ce mai kyau ta gina labari, kuma ba ni da ja da ita. Abin da nake ja da shi shi ne yadda marubutanmu suka mayar da ita maɓoyar lalaci. Akwai bambanci mai girma tsakanin marubucin da ya san tarihin jaruminsa tun daga ranar suna, ya zaɓi ya ɓoye wa mai karatu, da marubucin da shi kansa bai sani ba, ya bar wajen fayau yana jiran ya ga abin da masu sharhi a zaure za su nema. Na biyun ana gane shi tun daga shafukan farko, saboda jaruminsa ba shi da wata alama da rayuwa ta bari a jikinsa. Kyakkyawa ne, mai haƙuri ne, mai ibada ne, shi ke nan. Ba shi da abincin da ya ƙi jini, ba shi da abin da ke firgita shi cikin dare, ba shi da wata kalma da ke suɓuce masa ta sa mutane su ɗago kai su dube shi.

Alhali a ƙasar Hausa da maƙwabtanta mutum yana ɗauke da garinsu a bakinsa da fuskarsa, ko ya so ko bai so ba. Wanda ya tashi a Sakkwato, ko ya shekara ashirin a Kano, ranar da ransa ya ɓaci za ka ji "mi" ta fito a maimakon "me", ka ji "tahiya" da "ɗiya". Wanda ya girma a zangon Kumasi yana iya kiran mace da "ya zo" bai ji komai ba. Tsagar Gobirawa daban take da zanen Barebari, kuma tsohon wanzami yana iya duban kuncin baƙo ya faɗi yankin da aka yi masa aska. Yadda mutum yake naɗa rawani, ko yana sakin hannu ko yana kamawa a salla, ko hannunsa ya saba da igiyar guga ko da alƙalami, ko ya ga burabusko ya yi murmushin da shi kansa bai san dalilinsa ba, duk waɗannan shaidu ne. Marubucin da ya san aikinsa da irin su yake saƙa sirrin jaruminsa, ya riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya, har mai karatu ya fara zargin gaskiya kafin a furta ta, kuma ranar da aka furta ya ji cewa dama haka ya kamata ta kasance. Zoben da aka rataya a wuya ba ya buƙatar marubuci ya san kowa ko ko'ina, shi ya sa aka fi son sa.

Batun mantuwa bayan haɗari ya fi ba ni takaici, domin tambaya ɗaya ga likitan ƙwaƙwalwa ta isa ta gyara shi. Wanda ya bugu a kai yawanci abin da yake rasawa shi ne abubuwan da suka faru dab da haɗarin, ko kuma ya riƙa kasa riƙe sababbin abubuwa, amma tsofaffin abubuwa irin sunansa da gidan da ya tashi su ne suka fi wuyar gogewa. Mutum ya manta ko shi wane ne ɗungurungum abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ko ya faru harshensa da sana'ar hannunsa suna nan. Bugu na biyu a kai kuwa, wanda a fina-finanmu shi ne maganin na farko, ƙarin rauni ne kawai. Iyalan da ke jinyar wanda ya faɗo daga babur sun san irin wahalar da ke ciki, sun san yadda mutum yake maimaita tambaya ɗaya sau goma a yini, yadda halinsa ke sauyawa ya zama mai saurin fushi. A cikin wannan akwai labarin da ya isa a rubuta, amma an bar shi an kama na ƙarya.

Duk wannan laifin sana'a ne, kuma da a nan ya tsaya da na yi shiru. Babban laifin yana cikin abin da ƙarshen labarin yake koya wa mai karatu. Idan aka kwashe babi sittin ana nuna yaro mai gaskiya da riƙon amana ana kiransa mara asali, sa'an nan aka wanke shi ta hanyar gano cewa ɗan sarki ne, to ba a ƙaryata masu gorin ba. An gaya musu ne cewa hukuncinsu daidai ne, sun dai yi kuskuren wanda suka yanke wa. Ma'anar ita ce da a ce da gaske ba a san ubansa ba, da wulaƙancin ya dace da shi. Haka ƙanwata ta fahimta, kuma ba ta yi kuskuren fahimta ba, abin da aka rubuta ke nan. Marubucin da ke ganin yana yaƙi da gorin asali, a zahiri yana ƙara wa karin maganar nan ta "tsintacciyar mage ba ta mage" ƙarfi ne.

Na ga yadda abin yake a waje da littafi. Shekaru kaɗan da suka wuce an sa ni cikin waɗanda za su yi binciken wani saurayi da ya nemi auren 'yar wani ɗan'uwanmu. Mun je unguwarsu, mun tambayi limamin masallacinsu, mun tambayi mai gidan da ya koya masa ɗinki, kowa ya yabe shi. Mai gidan har ya ce shekara tara makullin shago yana hannunsa, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Da muka dawo muka faɗa wa dattijon da ke da alhakin ba da auren, muka ƙara da cewa a gidan marayu ya tashi kuma ba a san iyayensa ba, sai ya yi shiru yana jan carbi. Na ce, "Kawu, ai an shaidi addininsa da halinsa." Ya ce, "Na ji, ɗana. To ranar ɗaurin aure wa zai karɓa masa, kuma 'ya'yan da za a haifa su ce su jikokin wane ne?" Maganar ta mutu a nan. Babu ungozomar da ta zo ta cece shi, babu zobe a wuyansa, kuma har yau yana nan yana ɗinkinsa. Irin wannan saurayi idan ya saurari labaran da muke rubutawa a kansa, abin da zai ji shi ne cewa ba shi da mafita sai in wani attajiri ya fito ya ce nasa ne.

Abin mamaki shi ne addinin da marubutan nan suke yawan kafa hujja da shi ya riga ya yanke magana. A Suratul Ahzab, aya ta 5, an ce a kira su da sunan ubanninsu, idan kuma ba a san ubanninsu ba to 'yan'uwa ne a addini. Malaman fiƙihu sun ware wa tsintaccen yaro hukunce-hukuncensa: ɗaukarsa farilla ce a kan al'umma wadda in wani ya yi ya sauke wa saura, shi ɗa ne ba bawa ba, kuma idan ba shi da dukiya ciyar da shi yana kan baitulmali. Ba a ce a jira a ga ko jinin sarauta ne kafin a ba shi mutunci ba. Ko ta fuskar gina labari, ƙissar Annabi Musa da ta Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare su, sun nuna wata hanya dabam, domin mai sauraro ya san asalin tun farko, mutanen cikin ƙissar ne ba su sani ba, kuma wannan sanin ne yake riƙe zuciya lokacin da 'yan'uwan Yusuf suka shigo gabansa ya gane su alhali su ba su gane shi ba.

Masu cewa ai abin da masu karatu ke so ke nan sun manta cewa su ne suka saba musu da shi. Masu kawo Bayajidda kuwa, wai tun asali labaranmu na baƙon da ya zama ɗan sarki ne, su koma su sake sauraron labarin: abin da ya sa Daurama ta karɓe shi shi ne kan macijiyar rijiyar Kusugu da ya nuna, aikin da ya yi wa gari a daren da ya sauka, kuma ba a aika Bagadaza binciken asalinsa ba kafin a ɗaura aure.

Rubutun zube na Hausa ma da ya fara bai fara da wannan rauni ba. Cikin littattafan da gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ta haifar akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya buɗe da ɗalibai suna tambayar malaminsu daga ina ya fito. Amsar da ya ba su labarin yaro ne da aka sace, aka raba shi da uwarsa, bauta ta kai shi ƙasar Larabawa. Girman da yake da shi a lokacin da ake tambayarsa ilimi ne ya ba shi, kuma tarihin da ya buɗe bai ƙara masa sarauta ko dukiya ba, ciwon da ke ƙarƙashin rawanin ya nuna. Bayan shekara casa'in da wani abu, da wayoyi da gasanni irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, bai kamata a ce mun koma baya da wannan ba.

Kuma ba a rasa mutanen da za a rubuta ba. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce kusan mutum 22,000 ne aka ba ta rahoton ɓacewarsu a Najeriya sanadin rikicin arewa maso gabas, fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. A shekarar ce kuma aka gano yara tara 'yan Kano a Anambra bayan an sace su an sauya musu suna. A 2020, lokacin korona, gwamnonin arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci. Yaron da ya gudo daga Bama ko Gwoza yana ɗan shekara huɗu yanzu ya zama saurayi a wani gari, yana tuna wata bishiya da wata waƙar raino da bai san da wane harshe ake yin ta ba. Ga jarumin da ba a san baya gare shi ba, a raye, yana tura baro a kasuwa, amma marubutanmu sun tsallake shi sun tafi neman ɗan attajirin da kishiya ta jefar.

Abin da nake nema bai da yawa. Marubuci ya zauna ya rubuta wa kansa tarihin jaruminsa kafin ya saki shafi na farko, ko da ba zai taɓa nuna wa kowa ba. Alƙalan gasanni da masu duba labari a kamfanonin fim su daina karɓar zobe da tawadar Allah a matsayin warwarar labari. Sa'an nan a samu mai ƙarfin halin da zai kai jaruminsa har babi na ƙarshe ba a gano ko ɗan wane ne ba, a ɗaura masa aure mai gidan da ya koya masa sana'a ya karɓa masa, ko kuma a gano uban a tarar talaka ne mai gyaran takalmi a bakin tasha, yaron ya durƙusa ya gaishe shi.