Kuɗin Jama'a a Hannun 'Yan Kasuwa: Ra'ayina Kan Makarantun Yarjejeniya a Amurka

Fiye da shekara talatin ke nan Amurkawa suna ce-ce-ku-ce a kan makarantun yarjejeniya, wato makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu da harajin jama'a, amma ta damƙa ragamarsu a hannun ƙungiyoyi ko kamfanoni masu zaman kansu na wani wa'adi. Jihar Minnesota ce ta fara kafa dokarsu a 1991, yau kuma yara sama da miliyan uku ne ke karatu a cikinsu. Shugaban wata babbar ƙungiyar malamai, Albert Shanker, shi ne ya tallata tunanin a 1988 domin malamai su sami sararin gwada sababbin dabarun koyarwa, daga baya kuma ya juya masa baya da ya ga inda aka nufa da shi.

Ba na zargin uwar da ta cire ɗanta daga makarantar unguwa da ta lalace. A Amurka unguwar da mutum yake zaune ita ce ke yanke makarantar da ɗansa zai shiga, kuma kaso mai yawa na kuɗin makarantu daga harajin gidaje yake fitowa, saboda haka talaka yakan tashi da makaranta mai ƙarancin gata. Binciken Jami'ar Stanford na 2023 ma ya nuna cewa a dunƙule ɗaliban makarantun yarjejeniya sun ɗan ɗara takwarorinsu na makarantun gwamnati a karatu da lissafi, ko da yake na 2009 ya sami akasin haka.

Damuwata tana ga yaran da aka bari a baya. Idan yara uku suka fita daga aji, kuɗinsu yakan bi su, amma albashin malamin bai ragu ba, rufin da ke yoyo yana nan, motar ɗaukar ɗalibai kuma sai ta zagaya unguwa kamar kullum. Giɓin yana faɗawa ne a kan waɗanda iyayensu ba su da lokacin cike takardun neman gurbi, da masu buƙata ta musamman. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta nemi a dakatar da faɗaɗa makarantun a 2016, shekarar da masu zaɓe a Massachusetts suka yi fatali da ƙara yawansu.

Sai kuma batun wanda za a tuhuma. Hukumar makarantun gwamnati galibi zaɓenta ake yi, ana iya kayar da ita. Hukumar makarantar yarjejeniya naɗa ta ake yi. A New Orleans, bayan guguwar Katrina ta 2005, an sallami ma'aikatan makarantu kusan dubu bakwai, aka mayar da kusan dukkan makarantun birnin ƙarƙashin wannan tsari. Sakamakon jarrabawa ya ƙaru, gaskiya ne, amma an yanke hukuncin ne alhali mutanen garin da dama suna gudun hijira.

Wanda ya karɓi kuɗin jama'a, a ganina, wajibi ne ya buɗe littafin kuɗinsa, ya kuma karɓi kowane yaro. A jihar Ohio, wata makarantar yarjejeniya ta intanet mai suna ECOT ta kasa tabbatar da cewa ɗaliban da ta karɓi kuɗi da sunansu suna karatu, gwamnati ta nemi ta mayar da miliyoyin daloli, sai ta rufe a watan Janairun 2018, a tsakiyar shekarar karatu. Ɗalibai kusan dubu goma sha biyu suka shiga neman mafaka, kuma makarantun gwamnatin da aka daɗe ana kushewa su ne doka ta wajabta wa karɓar duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.