Mai kwalbar Agege da masu kare shi

Tun jiya nake ganin ana yaɗa bidiyon mai maganin nan na Agege, har da masu sa masa albarka. Mutum ya ɗaga kwalbar da ko takarda babu a jikinta, ya ce wa dattijo mai ciwon suga ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma shan jiƙonsa, wai ai su ma Turawan daga itace suke haɗa nasu. Wallahi raina ya ɓaci. Wannan ganganci ne da ran bayin Allah, kuma duk wanda ya tura bidiyon gaba yana da kamasho a ciki.

Daga tsiro aka samo, babu mai musu. Metformin, ƙwayar sugan da yake cewa a zubar, asalinsa daga wani tsiron Turai ne mai suna galega. To amma tsiron kansa idan tumaki suka ci da yawa mutuwa suke yi. Sai da aka tace, aka sauya sinadarin, aka gwada, kafin likita Jean Sterne na Faransa ya fito da shi a matsayin maganin suga a 1957. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro sinadarinsa daga wani dangin tazargade a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ba jiƙawa ta yi a bokiti ta ɗura a kwalba ba. Awo da gwaji su ne suka mai da tsiro magani. Shi mai kwalbar nan, nawa ne awonsa? A jikin wa ya gwada? Wa ya duba ƙodar wanda ya sha wata shida?

Masu ce mini ina raina maganin gargajiya, ku je ku tambayi labarin Niprisan. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ce ta haɗa shi saboda masu sikila, kuma a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da ke kasuwar Mile 12 a buhuna. Hanyar bincike aka bi da su. Abin da nake so a yi wa itatuwanmu ke nan.

Masu cewa kakanninmu da shi suka rayu kuma, ba zan tsaya ja da ku ba. Tsadar magani gaskiya ce, tana cin kowa a Legas. Amma ku dubi ƙafar mai suga da ya bar magani: ɗan ƙaramin rauni ne tsakanin yatsu, ba ya ma jin zafinsa, yana ta dako ko gadi da silifas, har sai wari ya tashi. Daga nan sai maganar yanke ƙafa. Kuɗin wankin ƙoda kuwa ba a ma magana. Ran nan mai kwalba ba zai zo dubiya ba.

Don Allah 'yan'uwa na Idi-Araba da Agege da Obalende, wanda ke da dattijo mai suga a gida ya duba ƙwayoyinsa yau.

Af, masu amfani da allurar insulin, ku daina sa ta a wajen ƙanƙara don gudun ɗauke wuta. Idan ta daskare ta lalace, sai dai a sayi wata.